Ido ɗaya ya raunana: yadda ake neman takardar likita ta tuƙin jirgin sama

Idona na dama yana karanta 10/10 a allon gwajin gani, wato cikakken gani. Na hagu bai taɓa wuce 2/10 ba, kowane irin tabarau aka ɗora masa. Da su nake tayar da ƙaramin jirgi mai kujera huɗu in sauke shi, da lasisina da takardar likita aji na 2, kuma ba abin da na ɓoye wa kowa kafin a ba ni. Abincina a ofishin duba yanayi yake, a filin jirgin sama na Diori Hamani nan Yamai. Tuƙi kuwa abin so ne, wanda na yi shekaru ina tara masa kuɗi. Tun da mutane suka ji labarin, da wuya wata biyu su wuce wani saurayi ko wani uba bai tare ni da tambayar nan ba: mai ido guda yana tuƙa jirgi? Yana tuƙawa. Amma akwai ƙofar da ake bi, akwai kuma wuraren da ƙofar a rufe take, kuma gara mutum ya san duka biyun tun kuɗinsa suna aljihunsa.

A Tawa aka haife ni. Inna ta ce ina ƙarami idon hagu yakan kauce ciki in na gaji, aka ce harara-garke ce, girma zai gyara. A fuska ya gyaru, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta yi watsi da shi. Wannan shi likitoci ke kira ambiliyopi: in an leƙa cikin idon lafiyarsa lau, sai dai tun yarinta ƙwaƙwalwa ta daina karɓar hoton da yake kawowa. Ban sani ba sai ina shekara 19, ranar bizit ɗin permin mota, da aka ce in rufe idon dama da tafin hannu. Haruffan allo suka koma kamar rubutun da ruwa ya jiƙa. Na gaya wa likitan wurin burina, ya ce, "Jirgi? Yaro, cire wannan a ranka." Ba likitan jirage ba ne, bai kuma buɗe wata doka ba, ni kuwa na ɗauki maganarsa tamkar hukuncin alƙali, na zauna shekara 12. Mai ƙaramin yaro a gida ya saurara a nan: irin wannan ido ana ceto shi da tabarau da rufe mai lafiyar na wasu sa'o'i kullum, amma fa kafin yaro ya wuce shekara bakwai ko takwas. Bayan nan gyaran yana wuya ƙwarai.

Abin farko shi ne ka san takardar da kake nema. Ma'aunin da ƙasashe suka yarda da shi yana cikin Rataye na 1 na yarjejeniyar Shikago ta 1944, a hannun OACI, hukumar jiragen sama ta duniya, kuma kowace ƙasa tana zuba shi a dokarta, ta ƙara abin da ta ga dama. A Nijar ANAC, hukumar jiragen sama ta ƙasa, ita ce ke ba da lasisi, ita ce kuma ke da sunayen likitocin da ta amince wa su yi wannan bizit. Aji na 1 na masu tuƙi don albashi ne, aji na 2 na mai tuƙa kansa da iyalinsa da ɗalibin da zai fara tashi shi kaɗai, aji na 3 na masu jagorancin jirage daga hasumiya, irin waɗanda ASECNA, hukumar da ke lura da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashen Afirka da dama, ke horarwa a makarantarta ta EAMAC a nan garin.

A aji na 1, kowane ido shi kaɗai sai ya kai 6/9, biyun tare 6/6. A lissafin gomar da likitocinmu ke yi, wannan 7/10 ke nan ga kowane ido da 10/10 ga biyun. Aji na 3 ma haka. A aji na 2 an sassauta: kowane ido 5/10, biyun tare 7/10. Duka wannan da tabarau ko babu, abin da ake so dai a kai. Mutane da yawa da suka zo mini a firgice, ashe ƙarancin gani ne kawai da tabarau ke gyarawa, ba su ma shiga sahunmu ba. Wanda idonsa ya kai ma'auni da tabarau ba shi da matsala, illa ya sa su duk lokacin da yake tuƙi, ya kuma ajiye na biyu inda hannunsa zai kai. Sai ƙarin sharaɗi guda: in wani ido bai kai 1/10 ba in an cire tabarau, ana neman cikakken rahoton likitan ido a bizit na farko, a kuma sabunta shi duk shekara biyar. Akwai kuma karatun kusa, daga santimita 30 zuwa 50, da na mita ɗaya ga aji na 1, wato nisan da ke tsakanin fuska da agogunan jirgi. Wannan rubutu na wanda ido ɗayansa ya ƙi kai ma'auni ne ko da tabarau.

Kada ka biya wata makarantar tuƙi ko dala kafin ka ga likitan ido na gaske. Ba mai sayar da tabarau ba, likitan da zai iya leƙa cikin idon ya rubuta ya sa hannu da hatimi. Lasisin mai tuƙa kansa yana cin sa'o'i 40 a sama, na neman aiki 200, kowace sa'a da kuɗinta, kuma ba makarantar da za ta mayar maka da su ranar da aka ce idonka bai wuce ba.

Ka gaya wa likitan idon cewa don jirgin sama ne, ka roƙe shi rahoto a rubuce, ba ordinans kaɗai ba. A ciki a ga ƙarfin kowane ido da tabarau da babu, nesa da kusa, a ga lambar tabarau, a ga matsin cikin ido, wanda ya saba zama tsakanin 10 da 21, a ga abin da aka gani a ƙasan ido bayan an ɗiga maganin buɗe ƙwaya, a ga yadda idanun ke motsi tare da ko kana ganin abu biyu-biyu, da gwajin launi da littafin nan na ɗige-ɗige na Ishihara. Sai faɗin gani, wanda suke ce wa shan-bizuwel. Za ka ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da ƙwarya, ka kafe ido a tsakiya, kana danna maɓalli duk lokacin da ɗan haske ya ƙyafta a gefe. Ni wannan na tsallake a karon farko, don ban san nauyinsa ba, aka maido mini da dosiye na yi asarar makonni. Ka nemi a yi wa kowane ido, a kuma yi wa biyun tare.

Ranar ɗiga maganin buɗe ƙwaya kada ka hau babur. Gani yakan dushe na sa'o'i, rana ta zama kamar wuta a ido. Ka tafi da baƙin tabarau da wanda zai maido ka gida. Mai sa gilashin liƙawa a ƙwayar ido ya tambayi likita kwana nawa zai cire shi kafin awo. In afolo ta kama ka, ɗaga ranar.

Ga abin da na daɗe ban gane ba, kuma shi ne zuciyar maganar. Kai hankalinka yana kan raunannen ido, su kuma likitocin jirage hankalinsu yana kan mai lafiyar. Tambayarsu biyu ce: me ya raunana wancan, kuma abin da ya raunana shi zai iya tsallakowa ya taɓa wannan? Irina, mai raunin yarinta, shi ya fi sauƙi, don abin ya tsaya cak tun tuni, ba ya gaba ba ya baya, yawanci ganin gefe bai taɓu ba, mutum kuma bai taɓa sanin duniya da wasu idanu ba. Wanda tsakuwa ko ƙarfe ko haɗarin hanya ya ɓata wa ido yana biye, don sanadin ya wuce, saura sabo. Mai wuyar shi ne wanda cuta ce ta ci idon: hawan jinin ido, ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi, ko ciwon da ke canja siffar baƙin ido. Waɗannan sukan nemi idanu biyun, don haka sai an ga shaidar cewa an shawo kan cutar kuma ana bibiyarta. Saboda haka ka roƙi likitan idon ya rubuta sanadi ƙarara, ya rubuta ko abin ya tsaya, ya kuma faɗi halin da mai lafiyar ke ciki. Layi uku ne, amma sun fi sauran takardun duka nauyi. In kana da tsoffin ordinans na shekarun baya masu nuna lamba ba ta motsa ba, haɗa da su.

Da wannan rahoto a hannu za ka je wurin likitan da ANAC ta amince da shi. Zai duba zuciya, kunne, fitsari, hawan jini da sauransu, sannan ya tsayar da kai gaban allo.

A ɗakin jira, ranar da na je, wani saurayi da ke gefena ya sunkuyo ya raɗa mini cewa shi ya haddace layukan allon tun daga gida, wai in an rufe mai kyau sai ya karanto da ka. Na san masu leƙe ta tsakanin yatsu ma. Ina roƙonka kada ka yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan yana da allo fiye da ɗaya, yana iya nuna maka harafi daga ƙarshen layi, kuma takardar tarihin lafiyarka da ka cika ka sa wa hannu shaida ce a kanka. Raunin ido ana nema masa sassauci a samu. Ƙarya in ta fito, lasisin ake ƙwacewa, kuma ba likitan da zai sāke yarda da bakinka. Ban da wannan ma, ranar da ƙura ta faɗa idonka mai kyau kana dab da sauka, da ƴaƴan mutane a bayanka, ba wanda ya shirya ka don wannan sa'a.

Ni da aka zo kan idon hagu na karanta layi biyu na tsaya. Na ce, "Lokotoro, iyakata ke nan, ga rahoton." Ya karanta shi tun daga sama har ƙasa, ya cire tabaransa ya ce, "Malam, yau ba zan iya rubuta maka apt, wato ka cancanta, ba, ba hurumina ba ne. Amma ba a nan maganar ta ƙare ba." Wannan shi ya kamata ka sa rai ka ji. Likitan da ke awo ba ya karya ma'auni da kansa. Yana tura dosiye ga likitan hukuma mai tantancewa, kai kuma ka haɗa da wasiƙar neman sassauci, wato derogasiyon. Rataye na 1 ɗin da ya kafa ma'aunin shi ne ya buɗe wannan ƙofa, da sharuɗɗa uku: ƙwararrun likitoci su yanke cewa raunin ba zai jefa tafiya cikin haɗari ba, a duba iyawar mutum da gogewarsa da irin tuƙin da zai yi, sannan a rubuta a lasisi duk iyakar da aka gindaya masa. Wasiƙarka ta zama gajeriya: wane ne kai, wane aji kake nema, wane irin jirgi, sanadin raunin, da cewa a shirye kake a gwada ka a sama. Ka ɗauki hoton kowace takarda kafin ka miƙa, ka karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata.

Wanda ido ya ɓace masa kwanan nan, ko ya riga ya zama matuƙi, sai ya haƙura ya jira. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana ba da shawarar wata shida na sabo, ta kuma ƙiyasta cewa rasa ido guda yana iya cin kusan kashi 30 cikin 100 na faɗin ganin da mutum ke amfani da shi. A wurinsu, wanda raunannen idonsa bai wuce 1/10 ba ko da tabarau, mai ido ɗaya ne. Jiran ba na banza ba ne. Idanu biyu suna ba mutum zurfi a abin da ke kusa: zura zare a allura, tsiyaya shayi daga sama cikin ɗan kofi. Sabon mai ido guda zai yi ta zubar da shayin a tire na wani lokaci. Amma daga nesa, ko mai idanu biyu ba da su yake auna tazara ba. Da girman abin da ya saba gani yake aunawa, da abin da ya tare wani, da yadda gefunan hanya ke matsewa can gaba, da inuwa, da yadda na kusa ke gudu na nesa yana jan ƙafa in kana tafiya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma ƙimar nan koyonta ake yi. Wiley Post, Ba'amurken da ya rasa idon hagu a aikin rijiyar mai a 1926, da kuɗin diyyar idon ya sayi jirginsa na farko, kuma a 1933 ya zama mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai a jirgi, cikin kwana 7 da sa'a 18 da minti 49.

Ni aikina ya taimake ni ba tare da na lura ba. Mai duba yanayi kullum yana fita ya dubi alamomin da aka san nisansu, ya ce yau ana gani zuwa kilomita kaza. Kai ma kana iya yi: ka tsaya, ka ƙiyasta taku nawa ne zuwa wancan dogonyaro, ka taka ka ƙirga. Kullum sau da yawa, safe da la'asar, da rana mai haske da ranar hazo.

Akwai wani abu da nake so ka gwada yanzu. Zana gicciye a takarda, ka zana ɗigo a damansa, faɗin tafin hannu tsakaninsu. Rufe idon hagu, kafe na dama a kan gicciyen, ka riƙa matso da takardar a hankali. Za a kai wurin da ɗigon zai ɓace ɓat. Kowane ido yana da wannan makahon gurbi, inda jijiya ta fita, kuma ɗan'uwansa ne ke rufa masa asiri. Wanda ba shi da na biyu mai ƙarfi, jirgi sukutum yana iya ɓuya a nan. Abin da ya ƙara masa haɗari, jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashin gaba, yana nan wuri guda yana girma. Maganinsa wuya ne: ka juya kai, ka tsaya ɗan lokaci a kowane yanki na sama, ka matsa, ka leƙa bayan ginshiƙin gilashi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, ta yaya za a gwada ni a sama alhali ba ni da takarda? Koyo tare da malami a gefenka ba ya jiran takardar likita a ma'aunin OACI. Tashi kai kaɗai ne ke buƙatar aji na 2. Don haka da zarar an nuna maka cewa dosiyenka abin dubawa ne, ka yi ƴan sa'o'i da malami har ka iya sauka, sannan a sa ranar gwaji.

Nawa gwajin bayan damina aka yi shi, da sassafe, sama fes. Wanda aka turo dattijo ne mai furfura, tsohon kwamandan jirgi. Na zauna kujerar hagu, inda matuƙi ke zama, kuma zagayen fili yawanci hagu ake juyawa, wato titin sauka yana ɓangaren raunannen idona. Muka tashi, kogi yana sheƙi a ƙasa, gonakin hatsi an fara girbe su. Ya miƙo mini taswira ya ɗora yatsa a kan wani ƙauye ya ce in karanta sunan, in kuma nuna masa shi a ƙasa. Ya ce in murɗa rediyo zuwa wata lamba, in karanta masa tsawo da gudu da man da ya rage. Can, ba gargaɗi, ya ja maƙurar injin baya, ƙara ta mutu, ya ce, "Inji ya tafi. Ina za mu?" Na zaɓi wata gona doguwa da aka share, na ce za mu kai, na ce akwai gawo biyu a bakinta da za mu tsallake. Muka gangara har ya ga lallai za mu kai, sannan ya maido wuta. A hanyar dawowa na ce, "Kwamanda, shirwa biyu a hagu, ƙasa da mu kaɗan." Bai ce komai ba, ya yi rubutu. Muka sauka sau uku, ɗaya da cikakken fiffiken rage gudu, ɗaya babu, ɗaya ya ce in dire daidai kan wani farin zane. Da muka kashe inji na ce, "Kwamanda, yaya kuka gani?" Ya ce, "Ɗana, ba hannunka na zo kallo ba, wuyanka na zo kallo. Yana juyawa." Daga bizit zuwa ranar da takarda ta shigo hannuna wata huɗu ne, har da makonnin da mantuwata ta ci.

Takardar za ta zo da iyaka, ka karanta ta da kyau. Tawa ta ce in sa tabarau, in riƙe na biyu, in kawo rahoton likitan ido a kowane sabuntawa. Wani akan ce rana kaɗai, wani sai da matuƙi na biyu a gefe. A Turai suna da haruffan da suke bugawa: VDL na tabarau, OSL na matuƙin rakiya, OML na wanda ba zai yi aiki ba sai a jirgi mai matuƙa biyu. Ni kuma na ƙara wa kaina wadda ba a rubuta ba. Doka ta yarda a tashi da ido in ana gani zuwa kilomita 5, amma a hazon hunturu, lokacin da ƙasa da sama suka zama launi guda, inuwa ta ɓace, komai yana nuna ya fi nisa, ba na tashi a wannan iyakar. Alamomin da nake dogara da su su ne hazo ke fara cinyewa. Haka sauka da la'asar ana fuskantar yamma, tunda titin Yamai gabas da yamma yake. A ko'ina aka kafa fitilun PAPI a gefen titi, masu nuna ko kana gangarowa daidai, ina amfani da su: fari biyu ja biyu, kana kan hanya. Titin da ya fi wanda ka saba ƙunci yakan sa ka ji kamar ka yi sama da yawa har ka gangaro ƙasa fiye da kima, mai faɗi kuma akasin haka, don haka kafin in je sabon fili sai na duba faɗin titinsa a takarda.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi, ga mai son ya ci abinci da tuƙi. A dokar Turai, wanda ido ɗayansa bai kai ma'auni ba ba a ba shi aji na 1 a karon farko. Wanda yake aiki abin ya same shi, shi ake dubawa, in mai lafiyar yana kai 10/10 kuma ya ci gwajin sama, a bar shi ya ci gaba tare da matuƙi na biyu. Amurka ta fi buɗe ƙofa: mai ido ɗaya yana iya neman kowane aji, kuma in raunin tsayayye ne sukan ba da takardar shaidar iyawa da suke kira SODA. Amma sassaucin wata ƙasa ba ya bin ka zuwa lasisin wata, kamfani yana da nasa sharuɗɗan ɗaukar aiki, soja kuwa nasu daban ne gaba ɗaya. In Zariya za ka, inda kwalejin koyon tuƙi take tun 1964, likitan da hukumar Najeriya ta amince da shi ne zai duba ka. In a Nijar kake son aiki daga baya, ka rubuta wa ANAC tun yau, ka haɗa rahoton idonka, ka nemi amsa a rubuce kan aji na 1. Na ga uban da ya sayar da fili ya tura ɗansa waje a kan "in sha Allahu za a duba" ta baki. Ni da na auna, na tsaya a aji na 2, kuma ban yi nadama ba.

Aikin laser ba ya gyara raunin yarinta, don matsalar ba a gilashin ido take ba. Wanda ya yi shi don wani dalili dole ya faɗa a bizit. Gilashin liƙawa an yarda da shi in na ganin nesa ne kawai, mara launi, da tabarau a ajiye inda hannu zai kai. Dabarar nan ta gyara ido ɗaya don nesa ɗaya don kusa haramun ce a tuƙi. A watan Oktoba na 1996 wani jirgin Delta ƙirar MD-88 ya daki fitilun shiga da bakin titi a filin LaGuardia na birnin New York cikin ruwa da hazo, kuma masu bincike suka ɗora laifin a kan irin wannan gilashi da kwamandan ya sa. Ba a rasa rai ba. Abin lura, mutum ne mai idanu biyu da ya rage wa kansa gani bai sani ba.

Daga ranar da aka ba ka takarda, idonka mai kyau shi ne lasisinka. Tabaranka su zama na roba mai ƙarfi da ba ta fashewa, irin da ake kira polikarbonat, ko da lambar ba ta da yawa. A babur, hular kwano mai gilashi. Kusa da mai walda ko mai sassaƙar ƙarfe, kauce. Kada ka ɗiga wani magani daga masu tallan magani a tire. Masu kortizon a ciki suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe ana ɗigawa suna tayar da matsin ido su kawo yana. Hawan jinin ido yana da yawa a cikinmu baƙar fata, yana zuwa da wuri, ba ya ciwo, kuma daga gefe yake fara ci, don haka a auna maka matsi duk shekara ko ba a tambaye ka ba. Baƙin tabarau na cikin jirgi kada ya zama mai tace ƙyalli, irin wanda ake ce wa folarize, don yana duhunta allunan lantarki.

A ma'aunin OACI, aji na 2 yana kai wata 60, ya koma 24 bayan shekara 40, ana kuma ba da shawarar wata 12 bayan 50. Aji na 1 wata 12 ne, ya koma shida ga wasu, kamar wanda ya haura 60 yana jigilar haya. Mai sassauci ana iya gajarta masa, don haka kwanan watan da ke kan takardarka shi ne naka. Tsakanin bizit da bizit, in ka ga wani canji, baƙin ɗigo yana yawo, walƙiya a gefe, ko wani labule ya sauko, ka ajiye tuƙi a ranar ka nemi likita, doka ma haka ta ce. Ni yanzu shekarata 44. Wata biyu kafin takardata ta ƙare nake karɓar randebu wurin likitan ido, in sāke shan-bizuwel da awon matsi, in jera sabon rahoto a kan tsoffin cikin jakar roba guda, wasiƙar sassaucin farko a sama, don likitan da zan tarar ba lallai ya zama wanda ya san ni ba.